Bayis: wanne ne ya fi riƙo?

Ɗan Koyo: Salamu alaikum iyayen gida. Zan buɗe ɗan shago na walda, ina neman bayis, wato abin da ake ɗaurewa a tebur ya riƙe ƙarfe a yi aiki a kansa. A Kofar Ruwa na ga Ingco da Total sababbi, na kuma ga tsohon Record lamba 6 na gwanjo, wanda kuɗinsa ya fi nasu. Wanne ya fi matse ƙarfe?

Mai Walda: Wa alaikumus salam. Ɗauki Record, kada ka tsaya dogon tunani. In an rubuta Sheffield ko Ingila a jikinsa, tsohon ƙira ne. Lamba 6 bakinsa inci 6 ne, zai ɗauki duk aikin ƙofa da taga.

Injiniya: Oga, a yi masa bayani tukuna. Matsi ba daga faɗin baki yake zuwa ba, daga sukurun ciki ne da tsawon hannu. A ce hannun santimita 25 ne, kowane juyi ɗaya bakin yana matsawa milimita 5. Hannunka ya yi tafiyar kusan santimita 157 ke nan, bakin ya yi rabin santimita, ƙarfinka ya ninka sau ɗari uku. Gogayya takan cinye kusan kashi uku cikin huɗu, amma duk da haka in ka danna da nauyin kilo 20 za ka sami matsin da ya kai tan ɗaya da rabi. Ko sabon na Caina zai ba ka wannan. Abin tambaya shi ne ko jikin zai jure. Kas, wato ƙarfen zubi, na gama-gari ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi lokaci guda. Bugaggen ƙarfe, irin Heuer na Jamus, shi ne mai shan guduma, sai dai samunsa a nan da wuya.

Baba Maƙeri: Gaskiya ne, Injiniya. Yaro, abin da ke kashe bayis shi ne zura bututu a hannunsa don a ƙara ƙarfi. Ko Record ne zai fashe.

Bakanike: Ni da bayis ɗina nake tura kayan mota irin su bush da ƙaramin boris, bai taɓa ba ni kunya ba. Amma mai juyawa a gindi ban yarda da shi ba, in aiki ya yi nauyi sai ya riƙa gocewa.

Ɗan Koyo: To Baba, yaya zan gane na gwanjon lafiyarsa ƙalau?

Baba Maƙeri: Buɗe shi har ƙarshe, ka goge maiƙon, ka duba zaren sukurun ko ya cinye. Duba wuyansa da ƙasansa ko an taɓa yi masa walda, don wasu sukan rufe da fenti. Sannan ka rufe bakin a kan takarda, ka ja ta gefen dama da hagu. In gefe ɗaya ya saki, bakin ya karkace. Haƙoran bakin da suka cinye ba matsala ba ne, ana kwance su a sauya.

Mai Walda: In bai yi maka ba, leƙa Panteka a Kaduna, ana samu. Ka ɗaure shi da noti a kan teburin ƙarfe, daidai saitin ƙafar teburin, ka sa wa sukurun giris.

Ɗan Koyo: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Gobe in sha Allah zan koma da takarda a aljihu.