Fai na ƙwai da madara yana fitar da ruwa, ina matsalar take?

Mai tambaya, Gusau

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu gashi. Akwai tsohon ma'aunin fai na ƙwai da madara da ake yi a gidanmu: ƙwai 4, madara kofi 2, sukari rabin kofi, ɗan gishiri da gyaɗar ƙamshi, a zuba a kan shimfiɗar fulawa irin ta mit-fai a gasa. Ma'aunin bai faɗi zafin wuta ba, bai faɗi minti nawa ba. Ina zuba haɗin a kan ɗanyen kwaɓi, oben a digiri 200, kusan awa ɗaya. Sama ya tsage, ciki ya yi huji-huji kamar awara, in an yanka ruwa ya kwanta a faranti, ƙasan kuma ya yi danƙo kamar bai ga wuta ba. Ko in ƙara garin kastad ne don ya kama jikinsa?

Mai gashin kek, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ma'aunin gidanku lafiyarsa ƙalau, ƙwai 4 sun isa su daskarar da rabin lita na madara. Wuta ce ta yi yawa, kuma da kika ce kamar awara ai kin faɗi ciwon da bakinki. Haɗin ƙwai da madara yana kamawa ne tsakanin digiri 75 zuwa 80. Da cikinsa ya haura 85 sai ƙwan ya ƙanƙance ya matse ruwan da ya riƙe, kamar yadda awara ke rabuwa da ruwanta in an zuba ruwan tsami. Hujin nan da kike gani alamar ya tafasa ne a cikin oben, shi kuwa ba a so ya ko kusanci tafasa.

Don Allah kada ki sa garin kastad. Wannan garin sitacin masara ne da kala da ƙamshi, babu ƙwai a ciki ko kaɗan. Alfred Bird ne ya ƙirƙiro shi a Birmingham ta Ingila a 1837, saboda jikin matarsa ba ya karɓar ƙwai. Zai hana ruwan fita, gaskiya ne, amma abin da za ki samu kamu ne mai kauri a cikin ɓawon fulawa, santsin nan da ake nema ya tafi.

Ga yadda za ki yi, na faranti mai faɗin inci 9. Ki ɗora madara mililita 500 a wuta har ta fara tururi, ƙananan kumfa sun fito a gefen tukunya, ki sauke. A wani kwano ki haɗa ƙwai 4, sukari giram 100 zuwa 120, gishiri kwatan ƙaramin cokali, filebon banila ƙaramin cokali ɗaya. Juyawa za ki yi a hankali, ba bugawa irin ta kek ba, domin duk kumfar da kika tayar za ta koma huji. Sai ki riƙa tsiyaya madarar siriri-siriri kina juyawa. In kika juye ta gaba ɗaya ƙwan zai dahu nan take ya yi gudaji. Ki tace da rariya mai laushi, ki kwashe kumfar sama da cokali.

Oben a digiri 160. Ki fara sa farantin a ciki sannan ki zuba haɗin, kada ki ɗauko shi cike yana tangaɗi yana jiƙa bakin ɓawon. Ki goga gyaɗar ƙamshi a kai, sabuwar gugawa ta fi garin leda nesa ba kusa ba. Daga minti 30 ki fara dubawa, yawanci 35 zuwa 45 ne. Ki ɗan girgiza farantin: gefe ya tsaya, tsakiya kamar faɗin gindin kofin shayi tana rawa a dunƙule, to ki fitar. Zafin jikinsa ne zai ƙarasa shi a waje. In kika jira sai tsakiyar ta tsaya cak a cikin oben, ya riga ya wuce.

Malamar girki, Argungu

Hajiya ta gama magana a kan cikin, bari in taɓa ƙasan. Ba a zuba ruwa a kan ɗanyen kwaɓi a sa ran zai gasu. Ɓawo yana son wuta mai ƙarfi, ƙwai yana son mai sanyi, don haka gashi biyu ne, kowa da nasa.

Fulawa giram 200, bota mai sanyi giram 100, gishiri rabin ƙaramin cokali, ruwan ƙanƙara babban cokali 3 zuwa 4. Ki murtsuke botar da kan yatsu har ta koma kamar tsaki, ki zuba ruwan cokali-cokali, da ya haɗu ki tsaya. Yawan cuɗawa shi ke sa ya yi tauri ya kuma tsuke ya zame daga gefen faranti. Ya huta minti 30 a firij. A zafinmu na Maris zuwa Mayu bota tana narkewa a hannu kafin a gama, sai ki yi kwaɓin bayan sallar asuba, ki fara sa fulawar da kwanon a firij. Da hunturu kuma fulawa tana shan ruwa, takan nemi ƙarin cokali ɗaya, kuma ki rufe kwaɓin da leda kada ya tsattsage.

Bayan kin murza kin shimfiɗa, ki ɗora takardar gashi, ki cika da busasshen wake har baki. Digiri 190, minti 15. Ki kwashe waken, ki mayar minti 7 zuwa 8 har ƙasan ya bushe ya fara ja. Yana da zafi ki shafe shi da farin ƙwai, ki mayar minti 2. Wannan shafin shi ke toshe duk wata kafa da madara za ta bi. Ki adana waken a kwalba don gashi na gaba, ba zai ƙara dahuwa da daɗi ba.

Daga Talata Mafara

Anti, ba ki faɗi irin madarar ba, kuma tana da tasiri. In ta gari ce, giram 65 a ruwa rabin lita, mai cikakken maiƙo, ki dama da ruwan ɗumi. In ta gwangwani ce irin Peak, rabi madara rabi ruwa. Madarar shanu ta ruga ita ce ta fi daɗi a wurina, amma sabuwar tatsa, a tafasa ta a tace. Nono ko kindirmo ba sa yi, tsaminsu zai tsinke haɗin da ya ji wuta.

Don ya yi nauyi irin na da, ki yi ƙwai 3 da gwaiduwa 3 maimakon 4 ɗin. Da damina ƙwan zabi ya fi komai a wannan aikin, gwaiduwarsa tana da yawa, sai dai ƙanana ne, 5 ko 6 ke tsaya wa na gidan gona 4. Ki fasa kowanne a kofi daban tukuna, ɗaya ɓatacce ya isa ya lalata duka.

Ni ban cika yarda da lambar da ke jikin oben ɗin gas ba, da yawa suna zarce abin da aka saita. In gefe ya fara kumbura kamar kek, wuta ta yi yawa, ki rage ki ɗan buɗe ƙofar na minti ɗaya.

Mai tambaya, Gusau

Allah ya saka da alheri. Saura biyu: za a iya yi a tukunya da yashi? Kuma kwana nawa yake yi?

Malamar girki, Argungu

Za a iya. Yashi mai kaurin yatsu uku a babbar tukunya, ya yi zafi minti 15 a rufe. Ki gasa ɓawon da gawayi mai ƙarfi, sannan ki kwashe fiye da rabin garwashin kafin ki zuba haɗin. Kada farantin ya zauna a kan yashin kai tsaye, ki ɗora shi a kan gwangwanaye uku marasa komai. Duk buɗewa ki goge gumin murfin, in ya ɗiga a kai zai ɓata fuskar. Yakan kai minti 50.

Kada ki yanka sai ya huce sarai, in ba haka ba zai zube. Abinci ne na ƙwai da madara, don haka da ya huce ya shiga firij, kada ya wuce awa biyu a waje, a tsananin zafi ma awa ɗaya. A firij kwana uku. Ranar da babu tabbacin wutar lantarki, ki yi daidai wanda za a cinye a zama ɗaya.