Neman shawara: kunu da zoɓon da nake haɗawa a gida sun sa matata fushi

Mai tambaya (ya nemi a sakaya sunansa):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ma'aikaci ne a Kano, ina da mata ɗaya da yara. A hannun kakata na tashi, ita kuwa sana'arta kunun zaƙi, to a wurinta na koyi jiƙa gero, da raba gasara biyu, da sanin lokacin da ake zuba ɗanyen ƙullu a kan wanda aka dama. Da girma ya zo sai abin ya dawo mini, ya zama shi ne hutuna. Wasu kallon ƙwallo, wasu zaman majalisa, ni kuwa Asabar da Lahadi ina gida ina gwaje-gwaje: kunun zaƙi da tsiron dawa a maimakon dankali, zoɓo da abarba da kanumfari, kunun aya da dabino da kwakwa, sai lemun citta mai gas irin wanda ake bari ya kwana a kwalba. Ba sayarwa nake ba. Mu sha, a miƙa wa maƙwabta, in tafi da saura ofis.

Da farko uwargida har taya ni take yi. Yanzu da ta ga na ɗauko bokitin jiƙo sai ta haɗe rai. Ta ce na cika mata firji da jarkoki har ta rasa inda za ta sa miya, na kashe mata bilenda da aya, zoɓo ya rine mata tawul da fararen robobi, gas ba ya kai wata. Makon jiya kuma wata kwalbar lemun citta ta fashe a sito cikin dare, ta tashi a firgice ta zaci ɓarayi ne. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ni a ganina gara wannan da yawon banza, tunda ba na shaye-shaye, ba na kai wa tsakar dare a waje. Ina son matata, kuma ba na son barin abin nan. Yaya zan yi?

Maman 'yan biyu:

Wa alaikumus salam. Malam, ka lissafo firji da bilenda da gas, amma ni da nake mace ina jin akwai abin da ba ta faɗa maka ba, don nauyin bakinsa. Kicin a gidan Bahaushe wurin mace ne. Nan ne kaɗai ba ta neman izinin kowa, ta san inda ta ajiye cokali ko da ido rufe. Kai kuwa ka shigo duk ƙarshen mako ka karɓe shi.

Sai kuma maganar waje, wadda ta fi ciwo. Maƙwabta sun sha kunu sun ji daɗi, sun kuma ji cewa maigida ne ya dama. Kai za a ce da kai gwani. Ita fa? Za a ce ga matar da ko kunu ba ta iya dama wa mijinta. In labari ya kai kunnen 'yan uwanka mata, ka san sauran: ta shanye shi, ta mayar da shi mijin-ta-ce, yana kicin tana kwance tana danna waya. Kai ke shan yabo, ita ke shan gori a gidan suna da gidan biki, kai ba ka ma sani ba.

Ga tambaya ɗaya, ka amsa wa kanka tsakani da Allah: idan ka gama, wa ke wanke tukwane, da rariya, da abin tata, wa ke kwashe dusar da ta toshe magudana?

Kawu na Fagge:

Ni dai ban ga abin neman shawara a nan ba. Namiji da kicin? Ka koya mata yadda kake so, ta riƙa yi maka, magana ta ƙare.

Maman 'yan biyu:

Kawu, da girmanka, mai shayi da mai tsire da mai kilishi duk maza ne, ba wanda ya ce sun zubar da mutunci. Kuma an tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa. Shigarsa kicin ba laifi ba ce. Mutumin nan yin abin da hannunsa yake so, in an dama an miƙo masa ai ba a yi komai ba.

Malamin kimiyya a sakandare:

Ɗan uwa, fara da maganar kwalbar nan, don a wannan matarka ta fi ka gaskiya nesa ba kusa ba. A bawon citta akwai yis na halitta. Idan ya samu sukari sai ya ci, ya fitar da iskar gas da ɗan barasa. Ka toshe kwalba, iskar ba ta da hanyar fita, sai ta yi ta taruwa har gilashi ya gaza. Zafi kuma yana hanzarta aikin, abin da zai ɗauki kwanaki a lokacin hunturu zai iya faruwa cikin kwana ɗaya a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Da yaro na tsaye a wurin fa?

Ka bar gilashi gaba ɗaya. Yi amfani da robar lemo, kada ka cika ta har wuya, ka riƙa matsawa da hannu. Da ta yi tauri, a sassauta murfi a saki iska, a kai firji. Sanyi ma rage wa yis gudu yake yi kawai, ba ya kashe shi, shi ya sa in an ɗauke wuta firji ya huce, aikin ci gaba yake yi kana barci.

Almajirin malamai:

Tunda malam ya ambaci barasa, bari in ƙara. A Sahihu Muslim akwai hadisin Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi, ya sha ranar, da washegari, har zuwa yammacin rana ta uku, daga nan sai ya sa a bayar ko a zubar. Jiƙo halal ne matuƙar bai kai ga sa maye ba, amma ka ga an yi masa iyaka. Kunun zaƙi da ake sha a yini ba matsala. Wanda kake bari ya kwana ya sake kwana a rufe, shi ne abin lura. Wataƙila ma wannan na cikin abin da ke damun iyalinka, a ce ana jin warin tsami daga gidanta.

Ɗan Jos:

Ni Kirista ne, kuma kakata burukutu take dafawa a ƙauyenmu, aikin kusan mako guda: a jiƙa dawa, ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bari ya tsima. Abin da ya sa na kawo ta, ban taɓa ganin ta ɗora shi a murhun abinci ba. Rumfarsa daban a bayan gida, tukwanensa daban, ko ludayinsa ba ya shiga miya. Mace ce, gidanta ne, amma duk da haka ta raba. Kai ma nemi lungunka a tsakar gida.

Mazaunin Amurka:

Abin dariya, nan ma rigimar kenan. Turawan da nake aiki da su da yawa suna haɗa giya a gida don sha'awa, tun da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta hakan a 1978, har galan 200 a shekara ga gidan da ke da manya biyu. Yawanci galan 5 suke dafawa a lokaci guda, wajen lita 19, a tafasa kusan awa ɗaya gida ya ɗauki wari. Kokensu iri ɗaya da naka: mata sun gaji da wari, da ƙasa mai danƙo, da kwalabe ko'ina. Kusan duk wanda ya daɗe a harkar za ka tarar ya koma gareji da murhun gas nasa. Mu ba ruwanmu da giya, amma dabarar komawa gareji kam a ɗauka.

Anti mai zoɓo:

Sana'ata ce wannan, bari in faɗa maka abin da zai rage rabin faɗan. Aya ba ta bilenda ba ce, ko ka jiƙa ta kwana, kai ta injin markaɗe. Kafin komai ma ka saya mata sabuwar bilenda, mai kyau, ba irin wadda za ka ce ai ta wadatar ba. Zoɓo yana da tsami, yana cin tukunyar dalma yana rina roba, nemi tukunyar silba (stainless) guda ka ware masa. Dafuwa mai tsawo a yi ta da gawayi a kurfoti, a bar mata gas ɗinta, ka san yadda komai ya yi tsada tun cire tallafin mai a 2023.

Sannan me ya kai ka cika jarkoki kai da ba sayarwa kake ba? Kunun aya a zafin nan in ba ƙanƙara kafin yamma ya juya. Kunun zaƙi ma da wuya ya wuce kwana biyu bai yi tsami ba. Yi abu ɗaya kowane mako, daidai wanda za a shanye.

Hajiya Babba:

Ɗana, duk sun faɗi gaskiya, amma ka duba maganarka da kanka. Ka ce Asabar da Lahadi. Litinin zuwa Juma'a kana ofis, kwana biyun da suka rage mata ka ba gero. Kana gida, i, amma ba ka tare da ita. Kuma daina cewa gara wannan da yawon banza, mace ba ta son a yi mata gori da laifin da ba a aikata ba, kamar alfarma ake yi mata.

Kada ka je mata da tsari a rubuce. Bari yara su yi barci, ka ce mata, wance, na ga abin nan yana ɓata miki rai, faɗa mini me ya fi damun ki. Sai ka yi shiru. Kada ka kare kanka ko da ta faɗi abin da kake ganin ba haka ba ne. Ita za ta yanka maka rana da wuri, kuma za ka ga ta fi ka sassauci. In za a kai wa maƙwabta, a ce daga gidan wane, ita ta zuba ta aika yara. Ba sai an yi shelar wanda ya riƙe muciya ba.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na bi yadda kika ce. Maman 'yan biyu, kin canka: ashe ƙanwata ce ta yi mata habaici a gidan suna, ta haɗiye ba ta gaya mini ba. Mun tsaya a kan safiyar Asabar kawai, a baranda ta baya, da kayana daban, wanke-wanke nawa. Lemun citta ta ce ba ta son sake ganinsa a gidan, ko a roba. Zoɓo kuwa ta ce nata ya fi nawa, ita za ta ci gaba da yi. Saura firji, ta ba ni layi ɗaya a jikin ƙofa. Ko randa za ta iya riƙe mini kunun zaƙi?

Anti mai zoɓo:

Randa ruwa take sanyayawa, ba za ta hana kunu tsami ba. Sayi kula ƙarama da ƙanƙara, a shanye a ranar. In kuma ka matsa sai ka ajiye, tara kuɗi ka nemi ƙaramin firji na hannu, amma ka tambaye ta inda za a ajiye shi kafin ka shigo da shi.