Farfelar titaniyom da aka buga da na'urar 3D za ta jure ruwan teku?

Mai tambaya: Assalamu alaikum manyanmu. Ina gyaran famfunan jiragen ruwa a Fatakwal. Akwai famfon da ke jawo ruwan teku don sanyaya inji, gishiri ya cinye farfelarsa. An kawo mana ta titaniyom, samfurin Ti-6Al-4V (titaniyom da aka gauraya da alminiyom da banadiyom), wadda leza ta narkar da garin ƙarfe ta gina ta hawa-hawa. Jikinta kaushi kamar dutsen niƙa. Oga yana so a ɗaura gobe, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ke kare titaniyom wata 'yar fata ce da ido ba ya gani, wadda yake yi da zarar ya haɗu da iska. Ko an kankare ta, sai ta sake fitowa. Bugagge ma yana da ita. Inda gizo ke saƙar shi ne leza tana sa ƙarfen ya huce nan take, ya fito da tauri da gautsi, ga ƙananan ramuka a ciki. Ka tambayi masu bugun: sun gasa ta a digiri 800 zuwa 850 a tanderun da ba iska? Wanda ya fi shi ne HIP, wato a gasa ta ana matse ta da iskar gas, wajen digiri 920 da matsin MPa 100 (MPa ma'aunin matsi ne) na awa biyu, shi ke toshe ramukan ciki. Kada ka karɓi magana da baki, su nuna takarda. Kaushin nan kuma a goge shi, daga nan tsagewa ke farawa ga abin da ke juyi dare da rana.

Amsa ta biyu: Yallaɓai ya yi gaskiya, amma ni maƙwabtan farfelar nake ji wa. Titaniyom in ya taɓa baƙin ƙarfe, alminiyom ko tagulla cikin ruwan gishiri, su ne ke cinyewa da sauri, shi yana nan garau. Ka raba su da zoben roba a tsakaninsu. In akwai zinki na kariya a haɗe, wato guntun ƙarfen da ake maƙalawa don gishiri ya ci shi maimakon sauran, a kula, haidurojin na iya shiga titaniyom ya sa shi gautsi.

Amsa ta uku: Zafin ruwan nawa? Sai ya haura digiri 70 zuwa 80 gishiri ke fara cin titaniyom a matsattsun lunguna.

Mai tambaya: Bai wuce digiri 30 ba, Hajiya. Amma gidan famfon tagulla ne, takardar gasa farfelar kuma ba ta biyo kayan ba. Na roƙi oga a dakata har ta zo. Allah ya saka da alheri.