Binciken gawa: yadda ake yi da abin da ke ɓata shi

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Ma'aikatan asibiti da kotu, ku taimaka. In 'yan sanda suka ce sai an binciki gawa kafin jana'iza, me ake yi wa mamacin? Dangi na da ikon hanawa?

Barista: Wa alaikumus salam. Iri biyu ne, Malam. Wanda asibiti ke nema don gano cutar da ta yi ajali, sai dangi sun sa hannu. Amma kisa, guba, haɗari ko mutuwa a hannun hukuma, majistare ne ke ba da umarni a fom C, likita ya rubuta rahoton bincikensa a fom D. Wannan kam ba a neman izinin kowa.

Likita: Daga waje ake farawa: tufafi, ƙarƙashin farce, a gwada kowane rauni da rula a ɗauki hoto. Sannan a tsaga daga wuya zuwa mara, a ɗora zuciya, huhu, hanta da ƙoda a sikeli. Zuciyar babba mai lafiya wajen giram 300 ce. Ana yankar ƙananan tsoka a jefa cikin fomalin, ruwan maganin hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10, ruwan ya ninka naman sau 10, in ba haka ba tsakiyarsa ta ruɓe. Jinin gwajin guba daga jijiyar cinya ake ɗiba, domin bayan mutuwa magani kan tsatso daga kayan ciki zuwa zuciya ya ba da adadin ƙarya. Awa 2 zuwa 3 an gama, a mayar da kayan ciki a ɗinke. Sakamakon gwaji ne ke ɗaukar makonni, gawa ba ta jiransa.

Ma'aikacin Mutuware: Likita, Allah ya ƙara lafiya, a ƙara da wannan. Wanka kafin bincike shi ya fi kashe shaida: jini, maniyyi da hodar bindiga duk su bi ruwa. Haka allurar hana ruɓewa, tana lalata gwajin guba. A bar mamaci da kayan jikinsa, a lulluɓe, a kawo firji mai sanyin digiri 4. A zafin Afrilu, in babu wuta, kwana ɗaya ya isa gefen mara na dama ya yi kore, daga nan da wuya a bambanta tabon duka da ruɓa.

Malam: Masu tsoron haramci na kafa hujja da hadisin karya ƙashin mamaci, kuma hujja ce mai nauyi. Sai dai Majalisar Fiƙihu ta Makka a 1987 ta halatta tsaga gawa don binciken laifi, bisa gwargwadon larura, a kuma binne duk abin da aka cire.

Mai Tambaya: To Likita, ɗinkin ba ya hana wanka?

Likita: Ba ya hanawa, Malam. A danne shi da auduga da filasta, a zuba ruwa a hankali ba tare da cuɗawa ba.