Faifai ko kaset: shawarar 'yan kasuwarmu na Jidda

Da aka zauna kan batun adana bayanan kasuwanci, masu ƙananan shaguna faifan RDX, wato faifan ajiyar bayanan kwamfuta da ake sakawa a cire, suka zaɓa: na'urarsa ba tsada, a jona ta USB, fayil ya ɓata a ciro shi nan take. Sai dai faifan kansa da tsada.

Masu hidimar alhazai, da hotunan fasfo da rasit suka yi wa yawa, sun fi son kaset ɗin LTO, wato kaset mai zare na ajiyar bayanan kwamfuta. Na'urar ce mai cin kuɗi, kaset kuwa araha, samfurin LTO-9 guda na ɗaukar terabayit 18. Amma neman fayil ɗaya sai an yi haƙuri kaset ɗin ya juya, ga zafin Jidda da laimarta, kada ya wuni cikin mota.

Kowanne ka ɗauka, kwafi ɗaya ya kwana a wani gini, ka riƙa gwada dawo da bayanan.