Shekara uku ana yi wa ɗana maganin limoniya ashe rami ne a zuciyarsa, zan iya kai asibitin kotu?

Maman_Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah lauyoyi da ma'aikatan lafiya ku taimaka min da shawara, wallahi kwana biyun nan ko barci bana iya yi. Yarona shekararsa uku da wata biyu. Tun yana wata biyu na lura in yana shan nono sai ya ɗan ja kaɗan ya saki yana haki, goshinsa duk zufa ko da lokacin sanyi ne, gashin kansa ya jiƙe sharkaf kamar an yi masa wanka, ga shi baya ƙiba, ƙanwata da muka haihu wata ɗaya ɗanta ya kusa ninka nawa. Asibitin kuɗi ɗaya muke zuwa, nan na yi awo nan na haihu, sau biyar suna ba mu gado, kullum limoniya, a yi allurai a sallame mu bayan wata biyu mu dawo. Na taɓa ce wa likitan ni fa ina ganin bugun zuciyar yaron nan ta saman riga, ya ce Hajiya sanyi ne ki daina kunna masa fanka. A gida kuma a ce haƙori ne, wasu su ce nonona ne ba shi da kyau, har jiƙo na sha.

Watan jiya mun je biki wani gari ciwon ya tashi, muka kai shi asibitin gwamnati, wata yarinyar likita ta ɗora masa abin sauraron ƙirji ko minti ɗaya ba ta yi ba ta ɗago ta ce Mama an taɓa gaya miki akwai ƙara a zuciyarsa? Aka tura mu hoton zuciya. Sun ce rami ne babba tsakanin ɗakuna biyu na ƙasan zuciyar, da shi aka haife shi, kuma jinin da ke tafiya huhu ya yi yawa har jijiyoyin huhun sun fara tauri, sai an ƙara wani gwaji kafin a san ko aiki zai yiwu. Wai da tun yana jariri aka gano da maganar ba ta kai haka ba.

Babansa ya ce mu bar wa Allah. Ni kuma zuciyata ta ƙi. Shin ina da hakkin kai su ƙara? Kuma ta ina ake farawa?

Sista_MaiRitaya:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba shi lafiya. Na yi shekaru a ɗakin yara, abinda kika faɗa ɗin nan kamar a littafi kika karanto shi. Shan nono yana saki, zufa a goshi, rashin ƙiba, ciwon ƙirji yana ta dawowa, duk wanda ya yi aikin yara ya san in waɗannan suka haɗu zuciya ake dubawa.

Amma bari in raba miki abu biyu kar ki haɗa su. Rashin ganowa ranar haihuwa daban, rashin ganowa cikin shekara uku daban. Irin ramin nan sau da yawa ranar da aka haifi yaro ba a jin komai a ƙirjinsa, saboda jijiyoyin huhun jariri a matse suke zuwa, sai bayan sati huɗu zuwa takwas da suka saki sannan jini ya fara kwarara ta ramin alamomi su fito, shi ya sa kika fara gani yana wata biyu. Hatta ɗan abin nan da ake maƙala wa jariri a hannun dama da ƙafa a auna oksijin bayan awa 24, wanda Amurka ta saka cikin gwajin jarirai tun 2011, irin ciwon da ke hana jini samun isasshen oksijin yake kamawa, irin na ɗanki yakan wuce lafiya lau. Sikanin ciki ma da ake yi tsakanin sati 18 zuwa 22 ba duka yake gani ba, balle irin sikanin namu da ake shiga minti uku a ce miki namiji ne a fito.

Toh amma kwanciya biyar? Yaro baya hawa sikeli? Nan kam ina da tambaya. Kusan jariri 8 zuwa 9 cikin dubu ana haifarsu da matsalar zuciya, ba wani baƙon abu ba ne da za a ce likita bai taɓa tunaninsa ba.

Ni dai roƙona, maganar kotu kar ta ɗauke miki hankali daga gwajin da suka ce. Wannan taurin jijiyoyin huhun in ya kai wani mataki baya komawa, a lokacin toshe ramin ma cutarwa yake yi, don haka kowane wata yana da muhimmanci. Ki tambayi likitan zuciyar ya rubuta muku takarda ku nemi taimakon gidauniyoyi, akwai irinsu gidauniyar Kanu Nwankwo da aka kafa a 2000 don yara masu ciwon zuciya.

Abu_Sadiq77:
Hajiya ki yi haƙuri ki bi maganar mijinki. Likita ba shi ya saka ramin ba, Allah ne ya halicci yaron haka. Kotun ƙasar nan sai ki shekara goma kina zarya, kuɗin da za ki ba lauya ki tara ki kai yaro Indiya ya fi miki. Wannan ɗabi'ar kai likita ƙara ta Turawa ce.

Almajirin_Zaure:
Malam Abu Sadiq, ba ta Turawa ba ce. Akwai hadisi a Abu Dawuda cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba to shi ne mai lamuni, wato shi zai biya diyyar ɓarnar, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe tsakanin ƙwararren da ya yi iya yinsa abu ya faru, da wanda ya yi sakaci. Wanda ya buge ka da mota ma ai da ƙaddara ya buge ka amma ana biyan diyya. In ta yafe ta samu lada, in ta nemi hakkin ɗanta ba ta yi laifi ba. Ni abinda ya fi damuna ma sauran yaran da ke kan layi a wajen likitan nan yau da safe.

Barista_A:
Maman Khalifa sannu, Allah ya ba shi lafiya. Hanya biyu ce kuma ba sa hana juna.

Ta farko ki kai ƙorafi hukumar likitoci ta Najeriya, MDCN, a rubuce da takardar rantsuwa ta kotu. Kwamitin bincikensu zai nemi likitan ya kare kansa, in sun ga akwai magana su miƙa shi kotun ladabtarwarsu, za a iya yi masa gargaɗi, ko dakatarwa har wata shida, ko a soke sunansa gaba ɗaya. Amma fa ko sisi ba za su ba ki ba, ba aikinsu ba ne. Kuɗi sai babbar kotun jiha, ke ko babansa ku shigar a madadin yaron.

A kotun kuma gaskiya ba zan ɓoye miki ba, tudu ne. Alƙalanmu suna bin wata ƙa'ida da aka gado daga shari'ar Bolam ta Ingila a 1957, wato ba a kama likita don kawai ya yi kuskure, sai an nuna cewa abinda ya yi likitoci masu hankali irinsa ba za su yi ba. Wa zai faɗi haka? Wani likitan. Samun likitan da zai tsaya a kotu ya ba da shaida kan ɗan uwansa a ƙasar nan shi ne rabin aikin. Akwai shari'ar Ojo da Gharoro da kotun ƙoli ta yanke a 2006, allurar ɗinki ce ta karye a cikin matar lokacin tiyata, amma ta faɗi a shari'ar saboda ba ta iya tabbatar da sakaci ba. Kin ga kenan.

Sannan abinda mutane ba sa ganewa, ba ramin za ki yi ƙara a kai ba, Abu Sadiq ya yi gaskiya a nan, ba su suka saka shi ba, ko ranar farko aka gano dole dai a yi aiki a biya. Abinda za ki nema shi ne ɓarnar da jinkirin ya jawo: kwanciya biyar da kuɗinsu, wahalar da yaro ya sha, da kuma babban, in gwaji ya nuna huhun ya lalace saboda shekarun da aka ɓata. Shi ya sa sakamakon gwajin da Sista ke magana shi ne ƙashin bayan shari'ar ma.

Yanzu abinda za ki yi tun kafin su ji ƙishin-ƙishin: ki rubuta takarda ki nemi kwafin fayil ɗinsa gaba ɗaya, ki ce likitan zuciya ne ke buƙata, kuma ai gaskiya ne yana buƙata. Kundin hakkin marasa lafiya da gwamnati ta ƙaddamar a 2018 ya ba ki damar ganin bayanan. Kar ki je kina faɗa a risepshin, kar ki saka sunansu a Facebook, sai su juya su maka ki kotu kan ɓata suna, fayil kuma a wayi gari an ce ya ɓata. Katin rigakafi mai zanen nauyinsa, rasit, hoton ƙirji, takardun sallama, duk ki adana. Kuma ki ga lauya da wuri domin akwai wa'adin shigar da ƙara, kowace jiha da dokarta. Kin ma yi sa'a asibitin na kuɗi ne, da na gwamnati ne lauyoyinsu sai su ɗauko dokar kare ma'aikatan gwamnati mai wa'adin wata uku kacal.

Bakon_Manchesta:
Barista ya gama magana. Mu nan Ingila ana duba jariri cikin awa 72 da haihuwa, a sake dubawa yana sati shida zuwa takwas, daidai lokacin da Sista ta ce alamomin ke fitowa, kuma duk da haka ana kuskure ana zuwa kotu. Nan wa'adin shigar da ƙara shekara uku ne amma na yaro baya fara ƙirguwa sai ya cika 18, ga lauyoyin da ba sa karɓar komai sai an ci shari'a, kuma yawanci ma a teburin sulhu ake ƙarewa. Barista a gida ba a yin sulhun ne? Ina nufin su ɗauki wani kaso na kuɗin aikin a rufe magana.

Barista_A:
Ana yi sosai, musamman asibitin kuɗi mai tsoron sunansa. Wasiƙar lauya ɗaya in fayil yana hannunki takan yi abinda shekara biyar a kotu ba ta yi ba. Amma kar a sa hannu a komai sai sakamakon gwaji ya fito, kar ki karɓi kuɗin kwanciya biyar ki yafe abinda ba ki san girmansa ba tukuna.

Maman_Khalifa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Sista yanzu na ɗauko katin rigakafin nasa daga cikin akwati, wallahi zanen nauyin tun daga wata uku ya kwanta bai ƙara tashi ba, kuma nas ɗinsu ce take cikawa da hannunta duk zuwa. Takardun sallama uku na samu, biyu ban san inda suka shiga ba. Na karanta wa babansa maganar Barista, kotu dai har yanzu ya ce a'a, amma ya yarda gobe da safe shi da kansa zai kai takardar neman fayil ɗin. Gwajin kuma sun ba mu ranar Talata ta sama, ku saka Khalifa a addu'a.