An ga ɗan ƙulli a huhun Babanmu a hoton CT, ina neman bayani

Ummu Sadik:
Salam jama'a, dan Allah ku taimaka min. An yi wa Babanmu hoton CT na ƙirji sai likita yace akwai wani ɗan ƙulli dishi-dishi kamar hazo a huhun dama, milimita 7, wai mu dawo bayan wata 6 a sake hoto, ko magani bai rubuta ba. Kansa ce? Wallahi ko barci bana iyawa.

Abu Hanan:
Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Irin wannan da yawa kumburi ne ko ragowar ciwon huhu kuma yakan ɓace da kansa shi yasa ake jira. Wanda ya zauna yana iya zama farkon kansa, amma a hankali yake tafiya, shekaru yake ɗauka, sai a riƙa maimaita hoto duk shekara 2 har a cika 5. Abinda suke dubawa ko ya ƙaru ko tsakiyarsa ta fara tauri, nan ne ake maganar tiyata.

Ɗan Zazzau:
In yana tari ko rama a gwada majinarsa saboda tibi. Kuma ki adana faifan hoton farko, da shi za'a kwatanta na gaba, kar ranar nan ta wuce ku.

Ummu Sadik:
Baya tari, faifan ma yana hannuna. Allah ya saka da alheri.